YADDA AKE SHIRYA KWAMFUTAR OFIS DOMIN GINA ƘANANAN MANHAJOJI MASU AIKI DA UMARNI

Gabatarwa

A ofisoshin ƙananan hukumomi akwai ayyukan da ake maimaitawa kowane wata ko kowace damina, kamar tattara sunayen manoman da za su karɓi taki, da fitar da jimlar kowace mazaɓa, da binciko ko an rubuta sunan mutum guda sau biyu. A 'yan shekarun nan an samu matasan ma'aikata da masu yi wa ƙasa hidima waɗanda suka iya rubuta ƙananan manhajoji da ke kammala irin wannan aiki cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo.

Sai dai akwai wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Sau da yawa manhajar ba ta aiki sai a kwamfutar wanda ya rubuta ta. Ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki, ko ya kammala hidimar ƙasa, ko kuma kwamfutar ta lalace, sai ofis ya koma gidan jiya. Wanda ya gaje shi ya tarar da fayiloli amma ya rasa yadda zai tayar da su, manoma kuma na zaune a bakin sakatariya suna jiran a kira sunayensu.

Bisa ga haka ne muka ga ya dace mu yi bayani a kan matakin da ya kamata a ɗauka tun kafin a rubuta ko da layi guda na manhaja, wato shirya muhallin da za a gina ta. Muna fata jami'an da ke riƙe da kwamfutocin ofis za su bi matakan, shugabanninsu kuma su san abin da za su tambaya, sauran jama'a su fahimci yadda ake sarrafa sunayensu.

Mece ce manhaja mai aiki da umarni?

Yawancinmu mun saba da manhajar da ake danna hotuna da maɓallai a cikinta. Akwai kuma wata hanya da ta girmi wannan, inda ake buɗe wata taga, a rubuta umarni da haruffa, kwamfuta ta aiwatar, ta mayar da amsa a rubuce. Wannan taga ita muke kira tagar umarni. A Windows ana samun ta da sunan Command Prompt ko PowerShell, a Linux kuwa ana kiran ta Terminal.

Wannan salon aiki ya bunƙasa ne tare da tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a cibiyar binciken Bell da ke Amurka a shekarar 1969. Masu wannan tsari sun ɗora aikinsu a kan cewa kowace ƙaramar manhaja ta riƙe aiki guda ta kyautata shi, sannan a riƙa haɗa su idan aiki ya yi girma. Har yau a kan wannan turba ake tafiya. Kowane sashe da ke riƙe da aiki guda shi ake kira modul, kuma idan aka tara modul da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya sai su zama ƙunshi.

Amfanin wannan salo ga ofis mai ƙaramin ƙarfi a fili yake. Ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada, ba ya buƙatar intanet yayin aiki, kuma umarnin da aka rubuta yau za a iya ajiye shi a maimaita baɗi ba tare da sauya ko da harafi ba.

Me ake nufi da muhallin gina manhaja?

Maƙeri ba ya soma ƙira sai ya tanadi maƙera: uwar maƙera, da zugazugi, da masaba, da awartaki, kowanne a wurinsa. Haka ma mai gina manhaja. Muhallinsa ya ƙunshi harshen da zai yi rubutu da shi, da abin rubutun, da kayan aro da zai ɗauko daga wasu masana, da kundin da zai riƙa adana tarihin duk wani sauyi. Abu mafi muhimmanci shi ne a rubuta yadda aka shirya wannan muhalli, ta yadda wani daban zai iya sake shirya irinsa a wata kwamfuta.

A wannan bayani za mu yi amfani da harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira ya kuma fitar a shekarar 1991. Kyauta ake samun sa, kuma yana da sauƙin karantawa. Misalin da za mu bi shi ne wata manhaja da za mu raɗa wa suna "rajista", mai modul biyu: ɗaya na fitar da jimlar buhunan taki na kowace mazaɓa, ɗaya kuma na nuna sunayen da ake zaton an maimaita.

Mataki na farko: kayan aiki

Ana buƙatar abubuwa uku. Na farko shi ne Python kansa, wanda za a sauko da shi daga shafinsa na asali, python.org. Muna jan hankalin jami'ai da su guji karɓar kwafi daga hannun masu gyaran kwamfuta ba tare da sanin asalinsa ba. A tabbata an ɗauki Python 3, domin an daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairu, 2020. Ana fitar da sabuwar siga kowane watan Oktoba, kuma kowace siga ana kula da ita har kimanin shekara 5. Haka zalika, a lura cewa Python 3.8 ce siga ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7, kuma ita ma an daina kula da ita a 2024. Ofishin da har yanzu yake kan Windows 7 ya kamata ya fara da sabunta kwamfutarsa.

Yayin girkawa a Windows, idan aka ga zaɓin saka Python a cikin PATH, a zaɓe shi. PATH jerin wuraren ne da kwamfuta ke dubawa idan aka ba ta umarni. Idan Python ba ya cikin jerin, kwamfuta za ta ce ba ta san umarnin ba, alhali kuwa an girka shi. Bayan an gama, a buɗe tagar umarni a rubuta:

python --version

Idan lambar siga ta fito, to an ci nasarar matakin. A rubuta wannan lamba a ajiye, domin za mu buƙace ta nan gaba.

Abu na biyu shi ne abin rubutu. Kada a yi amfani da Microsoft Word, domin yana cusa wa rubutu wasu alamomin ado da Python ba ya ganewa. Visual Studio Code, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015, kyauta ne. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfi sosai, Notepad++ ya wadatar.

Abu na uku shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Shi ne kundin tarihin aikin, kuma za mu yi bayaninsa a mataki na biyar.

Mataki na biyu: keɓaɓɓen muhalli

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne tushen yawancin matsaloli. Masu rubuta Python na ɗauko kayan aro daga wani babban rumbu a intanet mai suna PyPI, ta hanyar umarnin pip. Idan aka riƙa zuba duk kayan aron a wuri guda, wata rana aikin albashi zai buƙaci sabuwar sigar wani kaya, aikin taki kuma ya buƙaci tsohuwa. Da zarar an sabunta domin ɗaya, sai ɗayan ya tsaya.

Maganin wannan shi ne kowane aiki ya samu nasa keɓaɓɓen muhalli. Tun daga Python 3.3 na shekarar 2012 wannan dama ke zuwa tare da harshen. A buɗe sabuwar folda domin aikin, a shiga cikinta, sannan a ƙirƙiri muhallin:

mkdir aikin-rajista
cd aikin-rajista
python -m venv .venv

Daga nan sai a kunna shi. A Command Prompt na Windows:

.venv\Scripts\activate

A Linux kuwa:

source .venv/bin/activate

Alamar cewa muhallin ya kunnu ita ce sunansa zai bayyana a farkon layin da ake rubuta umarni. Daga wannan lokaci, duk abin da aka girka da pip a cikin wannan folda zai zauna. Idan PowerShell ya ƙi yarda a kunna muhallin saboda matakan tsaronsa, a koma Command Prompt. A kuma tuna cewa duk sanda aka rufe taga aka buɗe wata, sai an sake kunnawa.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kiyaye. Ba a kwafe foldar .venv a filashi a kai wata kwamfuta, domin a cikinta an rubuta adireshin wurin da Python yake a kwamfutar farko. Abin da ake ɗauka shi ne jerin kayan da ke ciki, sannan a sake gina muhallin a can. Wannan umarni shi ke fitar da jerin tare da lambar sigar kowane kaya:

pip freeze > requirements.txt

A sabuwar kwamfuta kuma, bayan an ƙirƙiri muhalli an kunna shi:

pip install -r requirements.txt

Mataki na uku: tsara foldoji da takardar bayani

A cikin foldar aikin a buɗe wata mai suna src, a cikinta kuma a buɗe wata mai suna rajista. A nan ne modul za su zauna. A ƙirƙiri fayil huɗu: __init__.py, wanda ko da babu komai a cikinsa yana nuna wa Python cewa wannan folda ƙunshi ce, jimla.py, maimaici.py, da babba.py, wanda shi ke karɓar umarni ya miƙa shi ga modul ɗin da ya dace. A sunayen fayiloli a yi amfani da ƙananan haruffa zalla, ba tare da barin fili a tsakani ba.

Domin karɓar umarni, Python na zuwa da wani kaya mai suna argparse. Da shi ne babba.py zai bambance tsakanin "rajista jimla" da "rajista maimaici", kuma shi ne zai nuna bayanin yadda ake amfani da manhajar idan mutum ya rubuta "rajista --help". Ana iya rubuta wannan bayani da Hausa, kuma muna ba da shawarar a yi hakan.

Bayan haka, a babbar foldar aikin a ƙirƙiri fayil mai suna pyproject.toml. Shi ne tamkar takardar shaidar manhajar. Ga abin da za a rubuta a ciki:

[build-system]
requires = ["setuptools>=64"]
build-backend = "setuptools.build_meta"

[project]
name = "rajista"
version = "0.1.0"

[project.scripts]
rajista = "rajista.babba:fara"

Layin ƙarshe na cewa duk sanda aka rubuta kalmar "rajista" a tagar umarni, a je modul ɗin babba a tayar da aikin da aka sa wa suna "fara". Sai a girka manhajar a cikin muhallin da wannan umarni, tare da ɗigon da ke ƙarshensa:

pip install -e .

Harafin e na nufin girkawa irin ta mai gini. Duk gyaran da aka yi a cikin modul zai fara aiki nan take, ba sai an sake girkawa ba. Tun da ita manhajar da wannan umarni ake girka ta, idan sunanta ya shiga cikin requirements.txt a goge wannan layi. Ranar da ofis ya buƙaci sabon aiki, misali raba sunaye ƙauye-ƙauye, sai a ƙara modul guda, a sanar da babba.py, ba tare da an taɓa sauran ba.

Mataki na huɗu: haruffan Hausa da lambobin waya

Akwai wasu matsaloli biyu da suka shafe mu kai tsaye, waɗanda darussan da aka rubuta domin masu Turanci ba su cika ambata ba.

Ta farko ita ce haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Waɗannan haruffa ba sa cikin tsohon tsarin haruffan da Windows na Turanci ya daɗe yana amfani da shi. Idan aka ajiye jadawali daga Excel a matsayin CSV na yau da kullum, suna iya komawa alamar tambaya, kuma ba za a iya dawo da su ba sai an koma kan asalin jadawalin. Saboda haka a riƙa zaɓar "CSV UTF-8" wajen ajiyewa. A cikin modul kuma a faɗa wa Python tsarin haruffan ƙarara:

open("manoma.csv", encoding="utf-8-sig", newline="")

Bugu da ƙari, a wurin kwamfuta "Ƙofar Gabas" da "Kofar Gabas" wurare biyu ne daban. Idan magatakarda biyu suka rubuta sunan mazaɓa guda ta hanya biyu, jimlar za ta rabu gida biyu. Ya dace modul ɗin ya daidaita rubutun kafin ya yi lissafi, ofis kuma ya tsayar da jerin sunayen mazaɓu guda ɗaya da kowa zai bi.

Ta biyu ita ce lambobin waya. Lambar waya a Nijeriya tana da alƙaluma 11 kuma da sifili take farawa. Idan aka buɗe fayil ɗin CSV da Excel kai tsaye, yakan ɗauki lambar a matsayin adadi ya yar da sifilin farko. Idan aka sake ajiyewa a haka, lambobin duka sun lalace. A ɗauki lambar waya da lambar shaidar ɗan ƙasa a matsayin rubutu a kowane mataki, kuma a sa modul ya yi gargaɗi idan ya ga lambar da ba ta kai alƙaluma 11 ba.

Mataki na biyar: gwaji da kundin tarihi

Kada a ɗora sabuwar manhaja a kan rajistar gaske sai an gwada ta. A shirya ƙaramin fayil mai layi 10 da sunayen da aka ƙirƙira, a lissafa jimlarsa da hannu, a kuma saka maimaici guda da gangan. Idan amsar manhaja ta yi daidai da ta hannu, sannan a ci gaba. Akwai wani kaya mai suna pytest da ke maimaita irin wannan gwaji da kansa bayan kowane gyara. Da "pip install pytest" ake girka shi.

Shi kuwa Git, aikinsa shi ne adana hoton aikin a kowane mataki, tare da sunan wanda ya yi sauyi da ranar da ya yi. A karon farko zai nemi a ba shi suna da adireshin imel na mai aikin. Bayan haka:

git init
git add .
git commit -m "Farkon aikin rajista"

Git ba ya buƙatar intanet domin wannan aiki. Idan gyaran yau ya ɓata abin da ke aiki jiya, ana iya komawa kan na jiya. A wurin da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sanarwa, ya kamata a riƙa adanawa bayan kowane ƙaramin ci gaba. Sai dai kundin da ke zaune a kwamfuta guda zai tafi tare da ita idan ta lalace, don haka a riƙa kwafe foldar aikin a filashi kowane mako, a ajiye a ofis.

Kafin adanawar farko, a ƙirƙiri fayil mai suna .gitignore, a rubuta .venv a ciki, tare da sunan foldar da ke ɗauke da rajistar gaske. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su. Sunayen manoma da lambobinsu amana ce, kuma bai halatta su tsinci kansu a shafuka irin su GitHub ba saboda sakacin ma'aikaci.

Idan ofis ba shi da intanet

Ofisoshi da dama a karkara ba su da intanet mai ƙarfi, kuma sayen data na da tsada. Ana iya sauko da kayan sau ɗaya a wurin da ake da intanet, a kan kwamfuta mai irin Windows da sigar Python ɗaya da ta ofis:

pip download setuptools wheel pytest -d kaya

Wannan zai tara su a folda mai suna kaya. A kwafe ta a filashi tare da fayil ɗin girka Python da na Git. A ofis kuma, bayan an ajiye foldar a cikin foldar aikin, sai a rubuta:

pip install --no-index --find-links kaya pytest
pip install --no-index --find-links kaya -e .

Da wannan, filashi guda zai wadatar da ofisoshi da yawa. A bincike shi da manhajar kariya kafin a saka shi a kowace kwamfuta.

Takardar miƙa aiki

Mataki na ƙarshe ba ya buƙatar wata ƙwarewa, amma shi ne ke raya duk na baya. A babbar foldar aikin a ajiye fayil mai suna KARANTA.txt, a rubuta a ciki sigar Python da aka yi amfani da ita, da umarnin shirya muhalli ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowane modul ke yi, da sunayen ginshiƙan da ake buƙata a jadawali. A buga kwafi a takarda a saka a fayil ɗin ofis.

Hanyar tabbatar da ingancin wannan takarda mai sauƙi ce. A ba wani ma'aikaci daban ita, a zaunar da shi a wata kwamfuta, mai manhajar kuma ya yi shiru. Idan ya iya tayar da manhajar shi kaɗai, takardar ta cika. Duk inda ya tsaya, nan ne ke buƙatar ƙarin bayani.

Kira ga shugabanni da sauran jama'a

Muna kira ga shugabannin sassa da kada su sa hannu a takardar sallamar ma'aikacin da ya gina wa ofis manhaja sai sun ga abubuwa uku: takardar KARANTA, da kwafin aikin a filashin ofis, da wani ma'aikaci na biyu da ya tayar da manhajar a gabansu.

Har ila yau, muna tunatar da hakimai da dagatai da masu unguwanni cewa manhaja ba ta san mutane ba. A ƙauye guda ana iya samun mutum biyu ko uku masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya. Aikin modul ɗin maimaici shi ne ya nuna sunayen da ake shakka a kansu, kuma bai kamata a ba shi ikon goge kowa ba. Tantancewa ta rage ga waɗanda suka san jama'arsu gida-gida.

Ga manoma da sauran mazauna karkara kuwa, duk wanda ya nemi sunansa a jeri ya rasa, kada ya gamsu da amsar cewa kwamfuta ce ta cire shi. Ya je wurin mai unguwarsa ko jami'in da abin ya shafa, ya nemi a duba asalin rajistar da aka rubuta sunansa a ciki, a kuma gyara kuskuren kafin ranar rabo.